Sabuwar ma'aikaciyar bibliyotek ta ce a faɗa mata gaskiya

Admin: Assalamu alaikum ƴan uwa, ina wuninku. Na saka sabuwar lamba cikin gurup, kar a ce wace ce. Ƙanwarmu ce da aka ɗauka aiki a bibliyotek, wato ɗakin karatu na nan Damagaram, ɓangaren shirye-shiryen al'adu, wato su konferans, teyatur, gasar karatu, daren tatsuniya da sauransu, za ta yi aiki tare da Yayanmu da kuka sani wanda ya daɗe a wurin. Ta gama jami'ar nan tamu ta André Salifou, ta ɗan koyar a wani kwalej kafin nan. Ita ta roƙa a saka ta don ta ji mi mutane ke so. Don Allah a bi ta a hankali, na san halinku 😄

Maman Ƴan Biyu: Lale marhabin ƙanwata, Allah ya sa kin shiga a sa'a

Ɗan Zango: Barka da zuwa. Allah ya ba ki haƙurin zama da mu

Ƴar Garin Malam: Wa alaikumus salam, na gode iyayena da yayyena. Ni ba zan ɓoye muku ba, na tarar an riga an rubuta porogaram a allo kuma yana da kyau, amma da na buɗe rajistar masu aron littafi sai na ga abin da ya tsaya mini a rai. Ranar da aka yi teyatur fili ya cika maƙil har yara na kan katanga, amma satin da ya biyo baya shafin aro kusan fari fat, sunayen nan dai da aka saba su ne. Shi ne nake tambaya wai taron da muke yi masu karatu yake kawowa ko masu kallo? Kuma in abu ɗaya zan fara gyarawa, mi zan fara da shi? Ku faɗa mini gaskiya ba zan ji haushi ba

Ɗan Zango: To tunda ke kika ce a faɗa. Mu mun ga irin wannan zuwan ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, sabon ma'aikaci ya zo da zafinsa a buga afish mai kala a jera kujeru manyan baƙi su zo a makare su karanta jawabi da Faransanci wanda rabin wurin ba su ji, a ɗau hoto a sa cikin rapor a raba lemo, shi ke nan sai baɗi. Ba da ke nake ba, da tsarin nake

Mushe Mai Ritaya: Ɗiyata barka da kama aiki. Ni ra'ayina daban ne kuma na san ƴan zamani ba za su so shi ba. Aikin bibliyotek na farko shi ne tebur da fitila da shiru. Yaron da ya taso daga Kara-Kara ko Karkada a ƙafa ya zo da kayensa, ba don ya ga wasa ya zo ba, a gidansu mutum goma ke ɗaki biyu, an ɗauke kuran, ƙannensa na kuka, nan ne kaɗai wurin da zai zauna ya yi lissafi. Sai ya buɗe littafi ƙarfe uku na rana a ji mai sono a tsakar gida yana alo alo, an de, an de, yana gwajin makirfo har la'asar. Na sha ganin yara sun naɗe kayensu sun fita. Daga watan Afrilu har a gama jarrabawar BEPC da Bak ni da za ki ji tawa kar a buga ko gwangwani a gidan nan

Mai Sono: Baba Mushe ni aka jefa da wannan fa 😂 na ji a jikina

Slamer na Karkada: Baba Mushe da girmamawa wallahi, amma ni ta ƙofar hayaniyar nan na shigo. Da can in na wuce gidan nan ganin sa nake kamar biro na gwamnati wanda sai mai takarda ke shiga, ranar da aka yi slam, wato faɗar waƙa da baki a dandali, abokina ya ja ni, na hau na yi nawa, da na sauko wani yaya ya ce mini muryarka na da kyau amma kalmominka ba su wuce ashirin ba kullum su kake juyawa, abin ya yi mini zafi sosai, washegari na je na yi kart na fara aro. Yanzu in ba a yi taron ba ina zan san akwai littafi a ciki

Mushe Mai Ritaya: Kai ɗaya ne yaro. Sauran ɗari biyun da suka tafa maka suna ina?

Slamer na Karkada: Suna fada suna shan shayi Baba 😅 amma ai ko ɗaya ma riba ce

Ɗalibar Tarihi: Ni ina da tambaya ga Anti sabuwa kafin a yi nisa. Teyatur ɗin da fili ya cika, da wane harshe aka yi shi?

Ƴar Garin Malam: Da Hausa

Ɗalibar Tarihi: Littattafan Hausa nawa ne a ciki?

Ƴar Garin Malam: Hmm. Kanta ɗaya ce a kusurwa, can ƙasa sai ka durƙusa. Yawanci na yaƙi da jahilci ne, da ƙananan na kiwon lahiya irin su shayar da nono da zazzaɓin cizon sauro, da ƴan tatsuniyoyi na yara, sai wasu tsoffi na Zariya da bangonsu ya cire an liƙe da sikoc. Sauran gidan duka Faransanci ne

Ɗalibar Tarihi: To ai kin ba kanki amsa. Mutum ya zo ya yi dariya da Hausa ya yi tafi da Hausa, ki ce masa bisimilla shigo ciki, ya shigo ya tarar ba abin da zai iya karantawa sai yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari. Mi zai ara? Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, an yi ta murna a Facebook, amma kanta tana nan yadda take

Mushe Mai Ritaya: Wannan kam gaskiya ce kuma ba yau aka fara ba. Ku yara ba ku sani ba, a nan Damagaram aka buɗe lekol ta gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973. Yaran suna kama karatu da wuri abin sha'awa, cikin ɗan lokaci ka ga yaro na haɗa baƙi yana rubuta wa kakarsa wasiƙa. Amma in ya gama littafin aji sai mi? Babu na gaba. Karatun da ba a ci gaba da shi kuwa zubewa yake

Baƙon Kano: Salam jama'a, daga Kano nake bin ku. In dai littafin Hausa ne matsalar ai mai sauƙi ce, motocin Kano kullum suna tashi, ku haɗa kuɗi ku turo in cika muku kwali. Sai dai in faɗa muku kasuwar ma ta canja, marubuta da yawa sun bar bugawa sun koma sakin labari a WhatsApp da Wattpad ana biya ta waya, wasu kuma a YouTube ake karanta musu, amma har yanzu ana samun na takarda musamman tsoffi

Malam na Birni: A kawo na ilimi da tarihi da waƙoƙin wa'azi. Amma na soyayyar nan a yi hattara, ƴaƴanmu mata ne za su ɗauka

Maman Ƴan Biyu: Allah gafarta Malam ni fa da su na iya karatun boko na Hausa, a lekol CM2 na tsaya aka yi mini aure, wata maƙwabciyata ke ba ni haya ina karantawa ina dafa tuwo, yau ga shi ina rubutu a gurup ana ganewa. Akwai na banza akwai masu tarbiyya, a zaɓa dai

Malam na Birni: Na yarda Hajiya, zaɓen nake nufi

Ƴar Garin Malam: Yaya na Kano na gode kuma zan kai maganar kwalin gaban direkta. Amma ga abin da ke raina tun ɗazu ina jin nauyin faɗa don kar a ce daga zuwa. Littattafan Kano labarin Kano suke bayarwa, ba laihi ba ne, amma yaron Birni ina zai karanta labarin Birni? Tunanina shi ne kowane taro da za mu yi ya bar takarda a kanta. Misali mu gayyato dattijo cikin mahauta ya ba da labarin hawan ƙaho, yadda ake zaɓen sa, yadda ake riƙe igiya gaba da baya, kirarin da ake yi, mu ɗauka a waya, ɗalibai su zauna su rubuta shi yadda ya faɗa, mu buga ko shafi goma ne mu ɗinke mu sa sunansa a bango. Taro na gaba sai jikansa ya tashi ya karanta masa a gaban mutane. Haka majema, haka dukawa, haka maginan da ke zanen bangon gidajen Birni, haka waɗanda suka yi wasan kara suna samari, haka tsoffin Zango da suka ji labarin ayarin raƙuma daga bakin iyayensu. In Allah ya yarda kafin shekara ta zagayo kantar nan ta ƙasa ta yi kaɗan

Slamer na Karkada: Kai Anti 🔥🔥 ni na sa hannu wajen rubutawa

Ɗalibar Tarihi: Wallahi kin taɓo mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Bari in ba ku labarin da ya kamata a ce kowane ɗan Damagaram ya san shi amma sai a jami'a na ji shi. Akwai wani yaro Dorugu, an haife shi a Dambanas wajen Kance, aka kama shi yana ƙarami aka sayar da shi bawa har Barno. Can ya faɗa hannun wani Bajamushe mai suna Overweg wanda ya ƴanta shi, da Overweg ya rasu a 1852 sai ya koma hannun abokin tafiyarsa Barth, suka ratsa ta nan Damagaram suka je har Tumbutu suka dawo, a 1855 ya tafi da shi Ingila. A can wani ɗan mishan mai suna Schön ya zaunar da shi ya ce ba ni labarinka, yaron na faɗa da Hausa shi yana rubutawa, labarin garinsu, yadda aka kama shi, tafiyar Sahara, yadda ya ga Turawa na cin abinci, har da tatsuniyoyi. Aka buga shi cikin Magana Hausa a 1885. Yana cikin rubutun zube na Hausa na farko-farko da aka buga da boko, kuma daga bakin yaron ƙasar nan ya fito, ba malami ba ne ba basarake ba ne, magana kawai ya yi wani ya riƙe alƙalami. Daga baya ya dawo ya zauna Kano, can ya rasu a 1912. To abin da Anti ke cewa shi ne wannan ɗin, sai dai yanzu mu za mu riƙe alƙalamin kuma takardar a nan za ta zauna

Baƙon Kano: Ikon Allah, ina Kano shekara da shekaru ban taɓa jin wannan ba

Malam na Birni: To ƴata kin ce da boko, madalla da kika faɗi haka, don rubutun Hausa ya girmi zuwan Bature. Ku duk maganarku boko boko. A Birni akwai gidajen da in aka buɗe adaka za ki ga takardu naɗe cikin gafaka, waƙoƙi da wasiƙu da lissafin gado da sunayen sarakuna, wasu da Larabci wasu da ajami, tawadar ta koma ja amma ana karantawa. Masu su ba su son fitowa da su don an sha zuwa a ce a ba da aro za a yi bincike, takarda ta tafi ba ta dawo ba. In za ku yi, ku je gidan mutum ku ɗau hoto a gabansa ku bar masa abinsa. Na biyu, ƴan littattafan da za ku buga ku yi shafi ɗaya boko shafi ɗaya ajami, almajirai da gardawa da tsoffi da yawa za su karanta, su ma ai masu karatu ne ko da ba su taɓa taka lekol ba

Ƴar Garin Malam: Allah gafarta Malam wannan ban yi tunaninsa ba sam. Amma wa zai rubuta mana ajamin, a ordinater wasalin yana ba da wahala

Malam na Birni: Da hannu. Ina da ɗalibai masu kyan rubutu, a rubuta a yi fotokopi. Sai dai sharaɗi, ranar taro maza gefe mata gefe kuma a tashi kafin kiran magariba

Ɗan Zango: Duk na ji, kuma abin ya yi daɗi a baki. Amma bari in ɓata muku. Labarin majema da mahauta ba matsala. Ranar da kuka taɓo tarihin sarauta fa? An kashe hafsan Faransa Cazemajou a 1898, aka yi yaƙin Tirmini a 1899 Faransawa suka ci garin, aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga, a 1906 aka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa aka kai shi Kodebuwa bisa zargin shirya wa Turawa tawaye. To wa ya kai rahoto? Wa ya gudu a Tirmini, wa ya tsaya? Kowane gida da yadda kakansu ya faɗa musu kuma jikokin duka suna nan muna haɗuwa a masallaci da wurin suna. Ga maganar bauta, dattijo ya saki baki ya ce su wane ai bayin gidanmu ne, ke kuma ki buga ki sa a kanta da tambarin bibliyotek. Ƙanwata wallahi sai kin bar garin nan

Maman Ƴan Biyu: Wannan kam Ɗan Zango ya yi gaskiya, aure na mutuwa a kan irin maganar nan

Mushe Mai Ritaya: Ba a kanta za a fara ba. Marigayi André Salifou da aka sa wa jami'a sunansa, littafinsa na tarihin Damagaram da ya fito a 1971 ai da yawansa daga bakin dattawan garin nan ya samo shi, ya rubuta zamanin Sarki Tanimu da ganuwa da igwa da yaƙe-yaƙe, garin bai tsage ba. Abin da ya rage shi ne da Faransanci yake, jikokin waɗanda suka ba shi labarin da yawansu ba su iya karanta shi

Ɗan Zango: Yawwa Mushe, shi ya sa garin bai tsage ba 😂 ku mayar da shi Hausa ku gani

Ƴar Garin Malam: Ni abin da nake gani, kafin a buga komi sai an koma an karanta wa mai labarin daga farko har ƙarshe, abin da ya ce a cire a cire

Ɗalibar Tarihi: A nan kam ban bi ki ba Anti. In haka ne za mu tara littattafan da kowa kakansa jarumi ne kowa kakarsa ƴar sarki ce, ba wanda aka taɓa kamawa ba wanda ya taɓa gudu. Dorugu da ya ɓoye cewa an sayar da shi da yau ba mu san komi ba game da yadda ake kama mutane a ƙasar nan. Tarihin da aka wanke tas mi za a koya a ciki

Malam na Birni: Shi labarin kansa ya bayar ƴata. Ka faɗi naka daban, ka tona na wani daban

Ɗalibar Tarihi: Na ji wannan Malam. To ko a yi haka, muryar a ajiye ta cikakkiya ba a yanke komi in mai ita ya yarda, mai bincike ya zo ya saurara a ciki, abin da za a buga kuma a cire sunayen gidajen mutane. Amma ni dai raina bai kwanta ba

Ɗan Zango: Murya a waya? Kwana biyu za ki ji ta a gurup ɗin ƴan kabu-kabu

Tanti ta Sabon Gari: Ina ta karatu ban ce komi ba. Tuni ɗaya kawai, garin nan ba Hausawa kaɗai ba ne, akwai Barebari akwai Buzaye akwai Fulani akwai Tubawa, sarautar kanta tana da jijiya a Barno. Kakata da Kanuri take tatsuniya. Kar a zo a ce mun fita daga danniyar wani harshe mun shiga ta wani

Ƴar Garin Malam: Tanti in kakarki za ta yarda ai da gudu za mu zo, a rubuta da Kanuri a sa Hausa a gefe

Mai Sono: To masu ilimi kun gama? Bari ɗan kasuwa ya yi magana. Na ɗaya, makaɗi ko maroƙi ba ya zuwa kyauta kuma bai kamata ya zo kyauta ba, bakinsa ne gonarsa, ko dattijon ma sai an ba shi na goro da na kabu-kabu, ku sa wannan cikin lissafi tun farko kar ranar ta zo ana kallon-kallo. Na biyu, kuma wannan kaina nake cuta, irin taron da take faɗa ba ya son sono ba ya son rumfar bash ba ya son kujera ɗari. Tsoho in ka miƙa masa makirfo ka jera masa manyan baƙi sai ya koma gaishe-gaishe da godiya ga hukuma har lokaci ya ƙare. Tabarma, mutum ashirin, buta kusa da shi, shi ke nan za ki ji abin da ba ki taɓa ji ba. Na uku in an ɗauke kuran kar a tada inji lokacin ɗauka, na sha ganin an ɗau awa biyu a zo saurare ba abin da ke fita sai ƙugin inji. Waya kusa da bakinsa a kan matashi, cikin ɗaki, a kashe bantilater ko da za a yi zufa

Mushe Mai Ritaya: Yau mai sono da kansa ya ce a bar sono. Alhamdu lillahi na ga wannan rana

Maman Ƴan Biyu: 😂😂 Ni kuma nawa na mata ne. Kar ki sa komi ranar Alhamis, ranar kasuwar Dole ce ba wadda za ki gani. Kar ki sa da safe muna bin ruwa, in pampo ya zo ko sarki ne ya kira ba mai fita. Tsakanin la'asar da magariba ya fi. Sannan tsoffi mata ba za su zo su zauna gaban maza su yi gatanan gatananku ba, balle da rana, mu tun muna yara aka ce mana wanda ya yi tatsuniya da rana zai ɓata a hanya kuma har yau surukata ba ta yi. Ke za ki bi su gida bayan isha da ƴan mata biyu, ki riƙe ɗan sabulu ko turare. Ni zan buɗe miki ƙofa uku a unguwarmu

Tsohon Ma'aikaci: Assalamu alaikum. Na ga ana ta yi da mu ina shiru. Ƙanwata ina taya ki murna kuma kin san tun ranar da kika zo na ce miki ƙofata a buɗe take. Amma jama'a a yi mana adalci, masu cewa hoto da rapor, in ba rapor ɗin ba wa zai ba mu ko kuɗin alli? Mai ba da kuɗi yawan kawuna yake ƙirgawa, ka ce masa mutum ashirin a tabarma ya ce ina sauran. Teyatur ɗin da ake rainawa shi ke riƙe da gidan. Kuma wannan tunanin na ɗaukar muryar tsoffi ba sabo ba ne, waɗanda suka riga mu sun yi, akwai kwali a magaza cike da kaset tun zamanin rediyo mai batir, an rubuta a jikinsu da bik, wasu sunan unguwa wasu sunan sana'a. Ɗauka ba ta da wuya. Zaman rubutawa shi ne aikin, kaset ɗaya sai ta ci maka sati kana mayarwa baya kana saurare, ba wanda ke biyan ka, shi ya sa suke nan yadda aka bar su

Ƴar Garin Malam: Yaya!! Kwalin da ke ƙarƙashin tsoffin jaridu? Na ɗauka na kiɗa ne

Tsohon Ma'aikaci: Shi. Gara ta ci gindin kwalin na canja masa wani, amma zafin magazar nan ban san abin da ya bari a zaren ba, rabon da a kunna su an daɗe

Ɗalibar Tarihi: Inna lillahi. Mutanen da ke cikin kaset ɗin nan ai da wuya a ce akwai mai rai. Don Allah a bar duk wata muhawara a fara da wannan

Mai Sono: Kar wanda ya sa su a rediyo haka kawai, zaren da ya daɗe yana manne wa juna, rediyo ta cinye shi. A fara juya kowace da bik a hankali daga farko har ƙarshe, wadda ta tsinke a liƙa. Ina da igiyar da ke haɗa rediyo da ordinater, abin da ba ni da shi rediyon ce mai kai mai kyau

Mushe Mai Ritaya: Akwai tawa, tana aiki, da ita nake jin labaru. Amma ni zan kawo ta kuma ni zan koma da ita, ba na ba da aro

Slamer na Karkada: Ni da yarana huɗu mun ɗau rubutu, a ba mu shayi kawai

Malam na Birni: In an ji muryar wani a nemi iyalansa a sanar da su kafin a kunna wa jama'a. Hakki ne

Ɗan Zango: Ni dai ina nan a kan bakana, sai na ga littafi ɗaya a hannuna da bango da suna sannan in yarda. Amma in an kai wajen fotokopi a zo shagona, ram ɗin takarda na farko ni na ɗauka

Tsohon Ma'aikaci: A bari in sanar da direkta gobe tukuna, kar ya ji a waje. Kuma teyatur na ƙarshen wata yana nan ba a soke ba, Baba Mushe a yi haƙuri

Mushe Mai Ritaya: A gwada makirfon bayan ƙarfe biyar

Ƴar Garin Malam: Na rubuta duka. In direkta ya amince, Asabar bayan la'asar a magaza, kowa ya zo da tsumma da takunkumi don ƙurar wurin ba ta wasa ba ce. Maman Ƴan Biyu zan kira ki kan maganar ƙofofin nan. Yaya na Kano turo mini sunayen littattafan da kuɗinsu a sefa in kai tare

Baƙon Kano: Sai na shiga kasuwa jibi, canjin naira ma sai na tambaya don kullum motsi yake

Admin: To madalla. Masu turo vokal na minti tara don Allah ku rubuta, ba kowa ke da mega ba